Yadda na ceto Lewisia daga ruɓewa

Bayan Lewisia ɗina ta gama fure, sai ganyenta na ƙasa suka fara laushi suna yin baƙi. Da na ɗaga su na tarar gindin a jiƙe sharkaf. Wannan tsiro, Lewisia cotyledon, asalinsa duwatsun kudancin Oregon da arewacin Kalifoniya ne a Amurka, inda yake fitowa a tsagin dutse, ruwa ba ya kwana a jikinsa. Ganyensa masu kauri suna ajiye ruwan da yake bukata. A nawa tsiron, matattun ganye da busassun karan fure su ne suka riƙe laima a wuyansa, wato inda ganye ke haɗuwa da saiwa.

Na goge almakashi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, na yanke kowane karan fure daga tushe, ban bar guntu ba, domin guntun nan ne ruɓa ke bi ta shiga. Matattun ganyen kuwa da hannu na zare su ɗaya bayan ɗaya, ina ja ta gefe. Wanda ya ƙi fita na bar shi ya ƙara bushewa, don fizga na raunata gindi. Koren ganye ban taɓa ko ɗaya ba, kuma a ganina kada a taɓa su.

Sai na kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke wuyan, na zuba tsakuwa a gurbinta, na koma ba shi ruwa ta gefe, sai ƙasa ta bushe tukuna. Ruɓar ta tsaya, daga baya ma ya sake fitar da sabon karan fure.