Yadda za ka zaɓi doguwar bindiga mai cin harsashin fistol in wasan harbi kake so a Amurka

Wannan bayanin na 'yan uwa ne da ke zaune a Amurka masu sha'awar zuwa filin harbi ƙarshen mako su huda takarda ko su buga faifan ƙarfe, ba na wanda ke Kano ko Maraɗi ba, don can dokar daban take gaba ɗaya, a Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ba ta bar mutum ya shiga shago haka kawai ya fito da irin wannan ba. Abin da ake magana a kai shi ne PCC, wato bindiga mai tsayi da ake tokarawa a kafaɗa amma harsashin da take ci na fistol ne, yawanci 9mm. Dabarar ma tsohuwa ce, tun zamanin Winchester 1873 mutanen yammacin Amurka ke riƙe doguwa da gajera masu cin harsashi ɗaya, .44-40, don kar su riƙa yawo da kaya iri biyu.

Kafin ka kalli ko wace bindiga, fara duba takardunka. Wanda ke da takardar zama ɗan ƙasa ko girin kad, dokar tarayya ta ba shi dama in ba shi da laifin da ya hana. Amma in da bizar karatu ko ta ziyara kake zaune, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga da harsashi sai in ka faɗa cikin wasu 'yan togaciya, wadda aka fi sani ita ce mallakar lasisin farauta mai aiki, kuma wannan har hayar bindiga a filin harbi ya shafa, dan Allah ɗalibai ku kula da wannan sosai, wasan awa ɗaya zai iya jawo maka kora daga ƙasar. A shago za ka cike fom 4473, su bincika sunanka a tsarin NICS na duba tarihin laifi, shekara 18 ne a dokar tarayya ga doguwar bindiga amma jihohi irin su Florida da Kalifoniya sun maida shi 21. Sai tsayin bututu, in ya gaza inci 16 kuma tana da gindin tokarawa to ta shiga ƙarƙashin dokar NFA ta 1934, sai da rajista ta musamman wajen ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi. Shawarata ga sabon shiga, ɗauki mai inci 16 ka huta. Kuma a Kalifoniya, New York, New Jersey da wasu jihohin magazin, wato gidan da ake ɗura harsashi a ciki, ba ya wuce harsashi 10, wasu samfurin ma sam ba a sayar da su a can.

To me ya sa ma mutum zai zaɓi wannan maimakon AR-15, doguwar bindigar nan mai cin harsashin babbar bindiga 5.56 da kowa ke yayi? Kuɗin harsashi ne na farko, 9mm kusan rabin farashin 5.56 yake. Na biyu filayen harbi na cikin gini da yawa ba sa yarda da harsashin babbar bindiga saboda bangon da ke tare harsashi, amma 9mm suna bari. Faifan ƙarfe ma za ka iya bugunsa daga yadi 10 zuwa 15, alhali da 5.56 sai ka ja baya wajen yadi 100. Ƙararta ba ta kai ta 5.56 ba, kuma saiti ya fi sauƙi nesa ba kusa ba in ka gwada da fistol, saboda kafaɗa da kunci da hannu biyu duk sun riƙe ta. Iyakarta dai wajen yadi 100, bayan nan harsashin ya fara faɗuwa sosai.

Batun girman harsashi ba zan ja shi ba, 9mm kawai. Akwai masu cin .45 ACP da 10mm da .40, suna da daɗi amma takarda ba ta san bambanci ba, aljihunka ne zai sani.

Inda ya kamata ka tsaya ka yi tunani shi ne magazin, don shi ne mutane ke mantawa sai bayan sun biya. In kana da fistol tun da, nemi doguwar da ke cin magazin ɗinsa. In ba ka da komai to nemi mai cin na fistol ɗin Glock, saboda ko wane shago akwai shi, yana da araha, kamfanoni da yawa na yin irinsa, kuma ko ka canza bindiga gaba magazin ɗinka na nan da amfani. Ruger PC Carbine da ta fito ƙarshen 2017 tana zuwa da mazaunin magazin biyu a kwali, ɗaya na Ruger ɗaya na Glock, kai za ka sauya da kanka da ɗan makulli. Kel-Tec SUB-2000 ma akwai mai cin na Glock. Smith & Wesson FPC ta 2023 na gidansu take ci, wato na M&P. CZ Scorpion kuwa nata na musamman ne, ba su da tsada sosai amma ba sa shiga wata fistol. Ka lissafa aƙalla magazin huɗu ko biyar a kasafinka, in ba haka ba rabin lokacin da ka biya a fili zai tafi wajen ɗura harsashi da ɗan yatsa.

Na biyu shi ne yadda cikinta ke aiki, kuma nan ne bambancin farashi ya fito. Mafi yawan masu araha tsarin bulobak ne da su, ma'ana babu abin da ke kulle bayan harsashi sai nauyin ƙarfen da ke zirga-zirga a ciki da sifirin da ke tura shi. Abu ne mai sauƙi, ba ya yawan lalacewa, amma saboda ƙarfen dole ya yi nauyi, duk harbi za ka ji yana kai da komowa yana jijjiga bindigar, shi ya sa wasu ke mamaki in suka ji ƙaramin 9mm na shurinsu kusan kamar 5.56. Ruger sun sa wani gudan ƙarfen tungsten a ciki don rage wannan bugun. Sai masu jinkirta buɗewa, irin tsarin 'yan rola na MP5 ta Jamus wanda JP-5 ta ɗauko, ko na CMMG mai ɗan juyawa kafin ya buɗe, ko SIG MPX da ke aiki da iskar harbi da fistin. Waɗannan laushi gare su, bakin bindiga ba ya tashi sosai, amma kuɗinsu zai iya ninka na Ruger biyu ko uku ko fiye. Ni a ganina in ba gasa za ka shiga kana neman rage sakan ba, wannan ƙarin kuɗin gara ka zuba shi a harsashi. Mutumin da ya harba dubu uku da bindiga mai araha zai ba wanda ya harba ɗari uku da mai tsada kashi, ko wace rana.

Nauyi ma abin dubawa ne. Kel-Tec ba ta da nauyi, fam huɗu da 'yan kai, tana naɗewa gida biyu ta shiga jaka, amma rashin nauyin ne ke sa ka ji bugunta a kunci, bayan magazin uku za ka fara gajiya da ita. Ruger ta kusa fam bakwai, ɗauka da ɗan wuya amma a wajen harbi zama take daram. Hi-Point 995 ita ce ta talaka, ba kyau a ido ko kaɗan, magazin ɗinta harsashi 10, amma tana aiki kuma garantinta na har abada ne. Mai son katako da kamannin bindigar zamanin da, ga Henry Homesteader. Bahago kuma ya tambaya ko ana iya maida hannun da ake ja a ɗana bindiga da maɓallin sakin magazin zuwa ɗaya gefen, na Ruger ana iyawa.

Kar ka saya sai ka harba. Filayen harbi da yawa na ba da haya, ɗauki biyu ko uku rana ɗaya da akwatin harsashi iri ɗaya, ka ji yadda kunamar ko wacce ke karyewa, ko gindin ya dace da tsayin hannunka, ko idonka na faɗawa kan saiti da kansa in ka ɗora kunci, ko hayaƙi na dawo maka fuska. Kamar takalmi ne, lambar da ta yi wa abokinka daidai kai sai ta matse ka.

Sannan madubin jan ɗigo, wato madubin saiti da ke nuna maka jan ɗigo a kan abin da kake hari, kusan dole ne, shi ke sa wasan ya yi armashi. Ba sai ka sayi Aimpoint ba, Sig Romeo5 ko Holosun sun ishe ka. Duba cewa saman bindigar na da layin ɗaurawa, in mai naɗewa ce kuma ka tabbatar tana naɗewa da madubin a jiki, tsofaffin SUB-2000 ba sa yi sai samfurin baya-bayan nan da aka gyara. In ka leƙa ka ga ɗigon ya baje kamar tauraro, mai yiwuwa idonka ne ba madubin ba, gwada mai firizim, wato madubin da aka zana alamar saiti a jikin gilashinsa. Daidaita saiti a yadi 25 ko 50, kuma ka sani a kusa-kusa harsashi zai sauka ƙasa kaɗan da ɗigon tunda madubin ya fi bututu tudu.

Harsashi kuwa FMJ, wato mai dalma da aka lulluɓe da ƙarfe, mai nauyin giren (ma'aunin nauyin harsashi) 115 ko 124 ya wadatar, saya da yawa lokaci ɗaya ya fi araha. Karanta littafin bindigar, wasu kamfanonin sun hana mai kwanson alminiyam a tsarin bulobak. Kuma bulobak akwai datti, toka na taruwa a ciki da wuri, a riƙa gogewa ana sa mai.

Cikin kasafin ka sa abin toshe kunne, gilashin kare ido, da akwatin ƙarfe mai kulle musamman in da yara a gida, harsashi a aje shi daban. Ka biya darasi ko na rana ɗaya ne wajen malami mai shaida. Ko wace bindiga ka ɗauke ta a mai harsashi a ciki, baki ba ya kallon abin da ba ka nufin harbi, yatsa ba ya kan kunama sai ka gama saiti, kuma ka san abin da ke bayan abin da kake hari. In ka fito daga filin cikin gini ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci saboda dalma. In hannu ya faɗa kana son ƙarin motsi, nemi kulob na kusa da ke yin Steel Challenge, faifai biyar ne ake bugawa da agogo, suna da rukunin PCC mai madubi da mara madubi, ƙungiyar gasar harbi ta USPSA ma na da nata rukunin, kuma da Ruger ɗinka da magazin biyar za su karɓe ka.