Yadda ake tsara lambar shaidar magudana tsakanin Open vSwitch da kanel ɗin Linux

Open vSwitch manhaja ce da ke yin aikin suwic a cikin sabar, tana haɗa kwamfutocin gaibu da ke zaune a kanta da juna da kuma sauran hanyar sadarwa. Aikinta ya kasu gida biyu. Akwai ovs-vswitchd da ke wajen kanel (kanel shi ne zuciyar tsarin Linux mai kula da na'urar kai tsaye), wanda shi ne mai yanke hukunci, akwai kuma ɓangaren da ya shiga kanel ɗin Linux tun fitowa ta 3.3 a shekarar 2012, wanda aikinsa tura fakiti, wato ƙunshin bayanan da ke bin hanyar sadarwa, cikin sauri bisa abin da aka riga aka gaya masa. Idan fakiti ya iso kanel bai san inda zai kai shi ba, sai ya miƙa shi ga ovs-vswitchd, shi kuma ya duba, ya dasa wata ƙa'ida a teburin kanel domin fakitocin da za su biyo baya. Wannan ƙa'ida ita ce magudana, kuma tana ɗauke da mabuɗin da ke siffanta fakitin, da mayafin da ke nuna sassan mabuɗin da za a kula da su, da ayyukan da za a yi, da ƙididdigar abin da ya bi ta cikinta.

Da farko mabuɗin ne sunan magudana, wato duk mai son ya karanta ta, ko ya gyara ta, ko ya goge ta, sai ya aiko da mabuɗin gaba ɗaya ta hanyar Netlink, wato hanyar da manhajoji ke musayar saƙo da kanel. Nauyin wannan tsari ya fi faɗawa kan zaren da ke bitar tebur, wato sassan ovs-vswitchd da ke gudana a lokaci guda, domin suna kwaso dukkan magudanai a kai a kai su duba wadda ta daɗe ba a yi amfani da ita ba da wadda hukuncinta ya canza, alhali teburin na iya kaiwa magudanai 200,000 a bisa iyakar da manhajar ke zuwa da ita. Kanel yana ɓata lokaci yana tattara mabuɗi da mayafi da ayyukan da mai tambayar ya riga ya sani, tunda shi ya dasa su. Maganin da ya shiga Linux 4.0 da Open vSwitch 2.4 a 2015 shi ne lambar shaida ta musamman da ake kira UFID, kuma duk mai tsara irin wannan mahaɗa zai amfana da bin sawunta.

Ka fara da yanke shawarar wanda zai raɗa lambar. A ganina manhajar da ke wajen kanel ce ta cancanta, kuma haka aka yi a nan. Da kanel ne ke raɗawa, da sai manhajar ta jira amsarsa kafin ta san sunan abin da ta dasa, kuma zare biyu da suka karɓi fakiti iri ɗaya a lokaci guda ba za su gane cewa magudana ɗaya suke nema ba. Saboda haka ovs-vswitchd yana niƙa mabuɗin da lissafin hash, mai mayar da dogon bayani gajeriyar lamba, tare da wata lambar sirri da ya zaɓa da ka, ya fitar da bit 128, ya yadda mabuɗi ɗaya zai riƙa haifar da lamba ɗaya muddin manhajar na gudana. Kanel kuwa ba ruwansa da ma'anar lambar. Yana karɓar ta a cikin wani gurbi na saƙon Netlink mai suna OVS_FLOW_ATTR_UFID, tsawonta daga bayit 1 zuwa 16, ya ajiye ta a wani tebur na biyu da ake bincika da ita kaɗai.

Batun tsawo ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake yawan yin rowar da ke jawo nadama. Bit 32 na ba da lambobi sama da biliyan huɗu, wanda a ido ya isa har ya yi yawa, amma lissafin karo ba haka yake tafiya ba. Idan ana zaɓen lambobin da ka, da zarar magudanai sun kai kimanin 77,000, yiwuwar biyu su yi tarayya a lamba ɗaya ta kai rabi, a 200,000 kuwa ta kai wajen kashi 99 cikin ɗari. Karo a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin yana nufin a goge magudanar wani, ko a ɗora ƙididdigar wannan a kan wancan. Da bit 128 wannan fargaba ta kau, kuma bayit 16 ba komai ba ne idan aka gwada su da girman mabuɗin da suka maye gurbinsa.

Lambar kaɗai ba za ta rage maka nauyi ba sai ka ba mai tambaya damar cewa ga abin da ba ya so. Wannan shi ne aikin OVS_FLOW_ATTR_UFID_FLAGS, inda tutoci uku, OVS_UFID_F_OMIT_KEY da OVS_UFID_F_OMIT_MASK da OVS_UFID_F_OMIT_ACTIONS, ke umartar kanel ya tsallake mabuɗi, ko mayafi, ko ayyuka. Idan aka ɗaga dukkansu, amsar kan rage lamba da ƙididdiga kawai, sauran bayanin kuma manhajar ta ɗauko shi daga ma'ajiyarta, wadda ita ma da lambar take jera shi. Akwai wata riba ta gefe, wato kanel ba ya buƙatar riƙe kwafin mabuɗi na asali ga magudanar da ke da lamba.

Kada ka manta da tsofaffi. Sabuwar manhaja na iya haɗuwa da tsohon kanel, sabon kanel kuma na iya haɗuwa da tsohuwar manhaja, don haka lambar ta zama zaɓi ga ɓangarorin biyu, kuma a ci gaba da aiko da mabuɗi tare da ita a lokacin dasawa. Dogaro da lambar fitowar kanel wajen sanin ko ya iya ba dabara ba ce, tunda masu rarraba Linux kan ɗauko sababbin gyare-gyare su saka a tsofaffin fitowa. Abin da ovs-vswitchd ke yi shi ne gwaji: yana dasa magudanar gwaji mai lamba, ya nemo ta, ya duba ko lambar ta dawo, sannan ya goge ta.

Sai kuma ranar da manhajar ta mutu aka sake tayar da ita, alhali kanel na nan riƙe da magudanan da aka dasa a baya. Ma'ajiyar manhajar ta zama fanko, lambar sirrin ma ta canza, saboda haka gajeriyar amsa za ta kawo lambobin da ba ta san su ba. Dole tsarinka ya tanadi hanyar neman cikakken bayani da lamba kaɗai, kamar yadda OVS_FLOW_CMD_GET ke yi, domin manhajar ta sake gina ma'ajiyarta, ta yanke hukuncin riƙe magudanar ko goge ta. Idan kana son ka ga lambobin da idonka, umarnin ovs-appctl dpctl/dump-flows -m zai jero magudanai kowace da ufid ɗinta, upcall/disable-ufid kuma zai dakatar da gajeriyar amsa na ɗan lokaci domin ka auna bambancin nauyin a kan sabar ɗinka.