Yadda Ake Karrama Ɗalibai Masu Koyon Sinanci

Ɗaliban jami'a a nan Damagaram sun sha tambayata yadda za su karrama 'yan uwansu da suka yi fice a Sinanci. Ga matakan:

1. Ku kafa kwamitin mutum uku, da malami a ciki.
2. Ku karɓi sunaye.
3. Ku duba sakamakon jarrabawar HSK (jarrabawar auna ƙwarewa a Sinanci) na kowa da idonku. Hattara, nan ake kuskure: iya gaisawa da 'yan Sin na matatar man fetur ta SORAZ ba shaida ba ce.
4. Ku ware lambar yabo daban ga jagoran harkokin al'adu, ko da makinsa bai kai ba. Irinsu ke riƙe ƙungiya.
5. Ku nemi izinin zaure wurin hukumar jami'a.
6. Ku ba malamin Sinanci takardun yabo ya duba haruffan kafin a buga.
7. Ku gayyaci iyaye tun da wuri.