Kafin ka ce tsohuwar motar nan ta fi waccan ƙarfi

Musun tsofaffin motoci dai baya ƙarewa, kowa da lambar da ya haddace, alhali yawancin lambobin nan ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Babban kuskuren a ƙarfin doki yake, wato ma'aunin ƙarfin inji. Kafin 1972 kamfanonin Amurka inji tsirara suke aunawa, a ɗaure shi kan teburin gwaji ba salansa ba fanka ba abin tace iska, a saita masa wuta yadda zai fi ja, abin da ya fito shi za a buga a talla. Daga 1972 ne aka koma aunawa da duk tarkacen da yake ɗauka cikin mota. Shi yasa injin Hemi 426 na Chrysler (426 ɗin girman injin ne) a 1971 zaka ga nan an rubuta doki 425 can kuma 350, kuma wallahi inji ɗaya ne. To in zaka jera motar 1969 da ta 1975 fara bincika wane awo aka yi wa kowacce. Amma kar ka ɗora komai kan awo fa, ƙarfin ya faɗi da gaske ma saboda dokokin hayaƙi da rage matsin inji, Corvette ta 1975 mai ƙaramin inji doki 165 kacal gareta, abin tausayi.

Japanawa kuma nasu akasin haka ne, daga 1989 zuwa 2004 suka yi yarjejeniya ba mai rubuta sama da doki 280, don haka Nissan Skyline GT-R ta fi abin da ke takardarta.

Sai masu kafa hujja da gwajin tsofaffin mujallu kamar wahayi. Pontiac GTO da mujallar Car and Driver ta gwada a 1964 ashe babban injin 421 aka cusa mata a ɓoye maimakon na 389 da ake sayar wa mutane. Nemi gwaji biyu ko uku, in ɗaya ya yi zarra da yawa ajiye shi gefe.

Nauyi ma ana mantawa dashi, ni a ganina ya ma fi doki muhimmanci. Golf GTI ta 1976 doki 110 ne amma kilo 810 take, raba dokin da nauyin kafin ka raina ta. Haka taya, motocin Amurka na shekarun 1960 siraran tayoyi ne dasu masu santsi, kana taka totur sai hayaƙi kawai, sa musu tayar zamani lokacin da suke ɗauka kafin su kai gudu ya canza gaba ɗaya.

Wajen gwajin saurin tashi daga tsaye, mil 60 a awa ba kilomita 100 a awa bane, ɗarin ta kai mil 62. Wajen shan mai kuma galan ɗin Ingila lita 4.55 ne na Amurka 3.79, mayar dasu lita tukuna sannan ka faɗi wacce ta fi zuƙa.