Kafin ki kai wa tela yadi: yunifom ɗin firamare a Ingila

Ranar Asabar matar ƙanena ta zo gidana a Runjin Sambo da leda cike da yadi, ruwan toka da fari, daga kasuwar Shehu Shagari ta biyo. Mijinta ya samu gurbin digiri na uku a Ingila, biza ta fito har da ita da yara uku, tafiya saura mako biyar. Ta ce, "Yaya, so nike a ɗunka musu kala bibbiyu tun nan, an ce can komi tsada garai." Na ce mata wace makaranta za su shiga? Ta yi shiru. Ko gidan haya ba su kama ba tukuna.

Ban yi mata dariya ba, don nawa ya fi nata. Sa'ad da muka tafi, sai da na sa tela ya ɗinka wa yarana biyu riga da wando da siket har da aljihu na tambari, na cusa a akwati, na rage kuka da busasshiyar kuɓewa don kada kaya su yi nauyi. Muka isa, makarantar da aka ba mu jar suwaita take sawa da riga mai kwala irin ta 'yan ƙwallo. Ɗinkin telana ko sau ɗaya bai shiga aji ba. Kukar kuwa na yi kewarta har wata shida.

A Ingila gwamnati ba ta yanka wa makarantu yunifom. Kowace makaranta hukumar gudanarwarta ce ke zaɓen launi da irin kaya, har makarantu biyu a layi ɗaya sai ki ga wannan shuɗi wancan kore. Kuma ba ke za ki nuna makaranta da yatsa ki ce nan ba. Sai kun sami adireshi, ku nemi gurbi ta hannun ƙaramar hukumar garin, a duba inda akwai wuri kusa da ku. In kun zo a tsakiyar shekara, yana yiwuwa ma a raba yaranki makarantu biyu, kowanne da launinsa. Saboda haka duk abin da kika saya kafin takardar gurbi ta zo, cinikin biri a sama ne. Shekarar karatu farkon Satumba take somawa. Yaro yana shiga ajin farko, wanda suke kira Reception, a Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara 4, daga nan aji 1 har aji 6, ya fita yana da 11. Da shekarun haihuwa ake ajiye yaro a aji, ba da ƙoƙarinsa ba.

Da zarar kun san makarantar, ki shiga shafinta na intanet. Ana so kowace makaranta ta sa ƙa'idar yunifom ɗinta a can. Ki zauna da biro ki raba kayan gida biyu: masu tambarin makaranta da marasa tambari. Duk sirrin kuɗin a wannan rabon yake.

Marasa tambari su ne wando ko siket ruwan toka ko baƙi, riga mai kwala, safa, gajeren wandon motsa jiki. Waɗannan a manyan kantunan cefane ake sayensu, Asda, Tesco, Sainsbury's, inda kike sayen shinkafa da madara, bibbiyu ko uku-uku a leda. Wajen watan Yuli kantunan Aldi da Lidl kan fito da nasu, an sha sayar da riga biyu da suwaita da wando ko siket a kan fam 5 gaba ɗaya, amma kwana kaɗan suke ƙarewa. Kayan ƙananan yara babu harajin VAT a kansu. Ki lissafa kuɗin yadi da na ɗinki da nauyin akwati, za ki ga telanmu bai fi su sauƙi ba, ga shi yadin nasu ba ya neman guga.

Masu tambari su ne ke cizo. Suwaita ɗaya mai ɗan zane a ƙirji sai ta ninka marar zane sau biyu ko uku, kuma sau da yawa shago ɗaya ne ke sayarwa. Iyayen can ma sun daɗe suna kuka da wannan, shi ya sa a 2021 aka yi doka a kan tsadar yunifom, gwamnati ta fitar da umarni a Nuwamban shekarar: a rage kaya masu tambari iyakar iyawa, a tabbatar iyaye na iya samun na hannu, kada a ɗaure su ga mai shago ɗaya ba tare da an buɗe gasar kwangila ba. A Disamban 2024 kuma aka kai wa majalisa ƙudirin da ya ƙayyade wa firamare kaya uku kacal masu tambari. Abin da na gani da idona shi ne yawancin firamare ba su damu ba in suwaitar marar tambari ce, muddin launin ya yi daidai. Amma ba kowace ke faɗa da babbar murya ba. Ki je ofishin makaranta ki tambayi matar da ke gaban tebur, tambarin dole ne ko ganin dama? Ni sai a shekara ta biyu na yi wannan tambayar, bayan na biya kuɗin tambari huɗu a banza. Daga nan sai na koma sayen mai tambari ɗaya don ranar hoto, sauran duka na kanti.

Awo kuma da shekaru da tsayi ake rubuta shi, misali shekara 5 zuwa 6, santimita 116. Ki bi tsayin, ki bar shekarun, don yaranmu sau da yawa dogaye ne sirara. Ki nemi wando mai robar ragewa a cikin ƙugu. Ɗabi'armu ta sayen riga mai girma don yaro ya tashi a cikinta tana aiki ga suwaita, a naɗe hannu. Ga takalmi ba ta aiki.

Takalmi da rigar sanyi ta waje, nan ne nake so kuɗinki ya tafi. Kusan kowace makaranta baƙin takalmi sau-ciki take so, ba kambas mai launi ba, ba mai fitila ba, sandal kuwa ki bar shi a Sakkwato. Lambar takalmin yara ta can daban ce da 30 da 32 da muka saba. Tana hawa har 13 sannan ta sake farawa daga 1, wato lamba 1 ta fi 13 girma. Ki kai yaron a auna ƙafarsa, shagunan takalmi irin Clarks suna aunawa, ko ba a nan za ki saya ba kin san lambarsa. Na taɓa sayen mafi araha da na gani, kafin hutun rabin zango bakinsa ya buɗe kamar na kada, ruwa na shiga, na sake saye. Araha ba ta ado. In yaro bai iya ɗaure igiya ba ki saya masa mai mannewa, malama ɗaya da yara talatin ba za ta duƙa wa kowa ba.

Yaron da ya tashi a garin da zafin Afrilu ke wuce 40 bai san sanyi ba, iyayensa ma ba su sani ba. Hunturunmu na safe ne, da hantsi an tuɓe suwaita. Can sanyi ne mai laima, daga Oktoba har Maris, a Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Kuma ana fitar da yara filin wasa kullum, ko ana yayyafi. Sai kwat mai kauri mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, da safar hannu, da hular sanyi, 'yan mata da doguwar safa mai haɗe da wando a ƙarƙashin siket. Kada ki ɗauki wannan da wasa. Ba a dukan yaro a makarantun can, a na gwamnati an hana tun shekarun 1980, kuma da wuya firamare ta kori yaro gida saboda launin safa. Amma yaron da ke zuwa kullum ba kwat, ko da jiƙaƙƙen takalmi, ko da rigar da ba a wanke ba, malamai suna rubutawa, don aikinsu ne su lura ko ana kula da shi a gida. Gara su ji daga bakinki cewa ku baƙi ne kuna kan shiri, da su yi ta zato.

Wanki ma ya shigo lissafi. Nan ki shanya da azahar ki kwashe kafin la'asar. Can riga sai ta kwana biyu a ɗaki ba ta bushe ba, in kin matsa da shanya a ciki bango ya yi baƙin funfuna, mai gida ya zo da magana. Riga huɗu ko biyar ga kowane yaro, wando biyu, suwaita biyu, sun kai ki Juma'a.

Ki rubuta sunan yaro a jikin komai, har takalmi da gorar ruwa. Jar suwaita talatin iri ɗaya a aji ɗaya, ranar farko ɗana ya dawo da ta wani. Akwai akwatin kayan da suka ɓata a kowace makaranta, ki riƙa leƙawa.

Yanzu ga wadda ta fi mana wuya, mu mutanen Sakkwato. Kusan kowace makaranta tana da yunifom na hannu, wanda iyaye suka mayar bayan yaransu sun girma. Ƙungiyar iyaye kan shimfiɗa tebur a bakin ƙofa, suwaita mai tambari fam ɗaya ko biyu, wani wuri kyauta. Zangon farko na wuce teburin nan kaina a sama. Ni 'yar gidan mutunci, mijina malamin jami'a, in tsaya tonon gwanjo a gaban Turawa? Har ranar da na ga wata uwa da na san likita ce ta cika jaka tana ta hira, ko a jikinta. Mu a gida gwanjo muna saye, amma a ɓoye, a aiki yaro. Su abin yabo ne a wurinsu, sun ɗauke shi tattali. Daga ranar ban sake sayen sabuwar mai tambari ba. Akwai kuma Vinted, manhajar waya ta cinikin kayan hannu, da zaurukan Facebook na unguwa, da 'yan'uwanmu da suka gama karatu za su dawo gida, waɗanda kan rasa inda za su kai buhun kayan yara. Ki tambaya a masallaci.

Tallafin kuɗi kuwa, kada ki sa rai da yawa. A Ingila kowace ƙaramar hukuma da tsarinta, da yawa ba sa ba da komai. A sauran sassan Birtaniya, Sikotland akwai aƙalla fam 120 ga ɗan firamare a shekara, Wales fam 125, amma ga masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma yawanci ana haɗa shi da karɓar tallafin gwamnati, wanda bizar ɗalibi da ta ma'aikaci ta hana ku. Kada ku cika takardar neman wani kuɗi sai kun tambayi ofishin ɗaliban waje na jami'a. Ita makarantar gwamnati kyauta ce ga yaranku, ba ta cikin abin da aka hana, haka abincin rana na Reception da aji 1 da 2, kowane yaro ake ba.

Maganar addini ita ce matar ƙanena ta fi damuwa da ita. Dokar daidaito ta 2010 ta hana makaranta nuna bambanci saboda addini ko launin fata, kuma ban ga firamaren da ta hana 'yata hijabi ba. Sai dai su ce baƙi ko fari ko launin makaranta, gajere, wanda ake zurawa ba mai allura ba. Yarinya na iya sa wando maimakon siket a yawancin wurare. Amma dokar ba ta ce duk abin da kika ga dama ba. Tun kafin ita, a 2006, kotun ƙolin ƙasar ta goyi bayan wata sakandare a Luton da ta hana ɗaliba doguwar jilbabi, saboda makarantar ta riga ta yarda da riga da wando da ɗankwali. Ranar motsa jiki ki nemi a bar ta da dogon wando. A ƙananan azuzuwa wasu makarantu maza da mata wuri ɗaya suke sauya kaya, wasu kuma tun zamanin korona yara daga gida suke zuwa da kayan a jiki, ki tambaya tun wuri. Koyon iyo yana cikin manhaja, ana so yaro ya iya mita 25 kafin ya gama firamare. Ba a guje masa, amma akwai kayan iyo masu rufe jiki.

'Yan kunne sai ƙanana masu mannewa, kuma a cire ranar wasa. Na zinariyar da kakarta ta ba ta, ki adana. Kitso ba laifi ba ne, hukumar daidaito ta ƙasar ta fitar da jagora a 2022 cewa hana irin gyaran gashinmu wariya ce, sai dai duwatsu masu yawa a jela ana iya cewa a rage. Lalle da kwalli na Sallah, ki gaya wa malama kafin ta gani. In yaro na da laya a wuya ko guru a ƙugu, ki san za a gani ranar sauya kaya, kuma za a yi tambaya.

Sai ranakun da ba a sa yunifom, yaro ya je da kayan gida da fam ɗaya na sadaka, da ranar littafi a farkon Maris da ake shigar wani na cikin labari, da ranar al'adu. A nan ne tela ya yi rana. Ɗana ya je da kaftanin shadda da hula, malamai suka yi ta ɗaukar hoto, ya dawo yana tafiyar sarauta.

Haka muka yi da ledar matar ƙanena. Farin yadin na ce a yanka ƙananan hijabai masu roba guda shida, a ƙaro baƙi da shuɗi mai duhu, don can da tsada kuma ba kowane gari ake samu ba. Ruwan tokar ta ce za ta bar wa Inna ta ba yaran maƙwabta. Ta tashi tafiya ta juyo ta ce, "To Yaya, wurin da ya rage ga akwatin, mi za ni sa?" Na ce kuka, da daddawa in an naɗe ta da kyau.