Yadda ake warware kacici-kacicin kalmomi mai jigon harshen damo, da yadda ake auna shi

Tun ranar 21 ga Disamba 1913, lokacin da Arthur Wynne ya buga na farko a jaridar New York World, wasan cike gidaje da kalmomi kwance da tsaye bai bar jaridu ba. New York Times ta fara nata a 1942. A tsarinta, allon ranakun mako gida 15 ne a kwance 15 a tsaye, na Lahadi 21 da 21, kuma wahalar tana hawa daga Litinin zuwa Asabar. Sabon shiga ya fara da Litinin.

Da farko, kada ka tsaya a tambaya ta ɗaya. Bi jerin tambayoyin duka, ka cike waɗanda ka tabbatar, musamman gajerun amsoshi masu haruffa uku ko huɗu. A tsarin Amurka kowane harafi yana cikin kalma biyu, ta kwance da ta tsaye, don haka duk amsar da ka samu ta buɗe maka ƙofar wasu. Yi amfani da fensir.

Sai ka lura da siffar tambaya. Idan jam'i ce, amsar jam'i ce. Idan an gajarta wata kalma a cikinta, amsar ma gajartacciya ce. Alamar tambaya a ƙarshe kuwa gargaɗi ce cewa akwai harshen damo. A ce an rubuta "Matsalar raƙumin dawa?", gidaje huɗu. Za ka tafi tunanin zaki ko fari, alhali amsar WUYA ce, gaɓar jiki da wahala a kalma guda. Ma'anar da ta fara faɗo maka a rai ita ce tarkon, ka ajiye ta ka nemi ta biyu. Ni nakan furta kalmar a fili, don sau da yawa kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

Daga nan ka nemi jigo, wato dabara ɗaya ta wasa da kalmomi da mai tsarawa ya yi wa wasu sanannun maganganu ya mai da su amsoshi. Yawanci yana cikin amsoshi mafi tsawo na kwance, uku zuwa biyar, kuma suna zaune daura da juna, domin idan ka juya allon ƙasa ta koma sama, baƙaƙen gidajen da ke raba kalmomi suna nan inda suke. Ka dage kan guda ɗaya ta hanyar kalmomin da suka gicciye ta. Da ta fito, tambayi kanka: me aka yi wa wannan sananniyar magana? An ƙara harafi ne, an sauya sauti, ko an ɗauki kalma da wata ma'anarta? Abin da aka yi wa ɗaya shi aka yi wa sauran. Sau da yawa akwai wata amsa can ƙasa da ke bayyana dabarar, ita ce mabuɗin jigo, kuma ba laifi ka fara leƙa ta.

In ka cije, tashi ka bar shi, ka dawo bayan awa ɗaya.

Bayan ka gama ne aikin aunawa zai fara, kuma nan na fi ba muhimmanci. Duba ko dabarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe: idan amsoshi uku sun sauya sauti, ta huɗu kuma ta sauya rubutu kawai, mai tsarawa ya yi sakaci. Duba ko maganar asali sananniya ce da mutane ke faɗa, domin wasa da kalmar da ba wanda ya sani ba ya ba da dariya. Sannan ma'anoni biyun duka su tsaya da ƙafarsu, yadda in ka gano amsar za ka ce tun farko tana gabanka.

Kada jigo mai daɗi ya rufe maka ido ga sauran allon. Ƙirga gajartattun kalmomi da tsofaffin da aka cusa don kawai su riƙe jigon. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sunaye biyu da ba a sani ba su gicciye juna, a bar mai warwarewa da cankar harafi. Idan ka ci karo da irin wannan gida, yi masa alama, ka rubuta sunayen biyu da ranar wasan, don ka ga ko mai tsarawar ya saba yin haka.