Harsashin da ya dace da dabbar da za ka halba

Samarin da ke zuwa wurina a nan Yamai tambayarsu kusan ɗaya ce: "Baba, wane harsashi ya fi ƙarfi?" Ni kuwa sai in ce su fara gaya min dabbar da suke nufi, da nisan da suka saba halbi. Ƙarfi kaɗai ba ya kayar da nama.

Takarda ce farko. Dokar farauta ta 1998 ta ce sai da izini daga ma'aikatan gandun daji, tare da takardar riƙe bindiga. Raƙuman dawa na Kure da namun gandun W ba na taɓawa ba ne, kuma ka tambaya waɗanne dabbobi aka halatta kafin ka fita.

In dabbar mai girman mariya ce ko gadu, harsashin da ake kira .243 Winchester ya isa, da ƙwaya mai giram 6,5. Ba ya dukan kafaɗa sosai, sai dai iskar hunturu tana karkatar da shi in nisa ya yi yawa. Shi ya sa na fi son mutum ya tsaya a tsakiya: .308 Winchester, ko .30-06 wanda sojan Amurka suka fara aiki da shi a 1906, ko kuma 7x64. Wannan na ƙarshe ya yaɗu ne ta hannun Faransawa, don har zuwa 2013 dokar ƙasarsu tana tsaurara wa mahalba kan harsasan da aka ɗauka na yaƙi ne, shi kuwa ba ya cikinsu. Da ɗaya daga cikin ukun nan, in ka sa ƙwaya mai giram 11 zuwa 12, za ka kayar da gwanki muddin ka same shi bayan kafaɗa.

Ɓauna kuwa maganarta daban. Fatarta da kauri, ƙashinta da tauri, in ka yi mata rauni ta shige ciyawa, kai za ta jira. Nan sai 9,3x62 da Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905, mai ƙwayar giram 18,5, ko .375 na kamfanin Holland & Holland da ya fito a Landan a 1912. Ƙasashen Afirka da dama ba sa yarda a tunkari ɓauna da abin da bai kai .375 ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne ƙwayar kanta. Ɗauke ta ka duba bakinta. In ka ga dalma ta leƙo a kai, toka-toka, ita ce ta farauta: tana shiga sai ta buɗe kamar laima, ta yi aikinta a huhu. Wadda aka lulluɓe da jan ƙarfe har tsini, irin ta soja, ratsawa take ta fice, dabba ta tafi da ciwo ta mutu a nesa, kura ta samu. Wannan zalunci ne, kuma asara.

Ka gwada kanka ma. Na ga ƙato ya sayi babbar bindiga, amma kafin ya ja kunama ido ya riga ya rufe don tsoron dukan kafaɗa. Kafa kwali a taki ɗari, ka halba uku. In tafin hannu bai rufe ramukan ba, koma ƙaramin harsashi.

Lambar da ke gindin kwanso dole ta zo daidai da wadda aka buga a jikin bututun bindiga. 7x57 da 7x64 ba ɗaya ba ne, ko da mai sayarwa ya rantse. Ka zaɓi irin da ake samu a shagon da ke da izini, ka sayi kwali biyu iri ɗaya, don in ka canza nauyin ƙwaya sai ka sake saita bindiga. Kada kuma ka bar harsashi a gaban mota cikin zafin Afrilu, albarushi in ya ɗau zafi ƙarfinsa yana ƙaruwa. Ajiye shi a inuwa, cikin akwati mai kwaɗo, nesa da yara, bindiga kuma a wani wurin.